Gidan Manomi a Gaban Lamunin Gwamnati: Cancanta, Shaida da Riba

Lamuni, a wurin malaman fiƙihu, shi ne wani na uku ya shiga tsakanin mai bin bashi da wanda ake bi, ya ɗora wa kansa nauyin biya idan wanda ya ci bashin ya gaza, kuma wannan ma'anar ce gwamnatocin zamani suka ɗauka sa'ad da suka fara tsaya wa talakawansu a gaban bankuna domin a ba su rancen gina gida ko na noma. Da yake dukiyar da gwamnati take lamuni da ita ta jama'a ce baki ɗaya, ba makawa sai ta gindaya sharuɗɗan da za su rarrabe wanda za a tsaya masa daga wanda ba za a tsaya masa ba, kuma cika waɗannan sharuɗɗa shi ne abin da ake kira cancanta. Tambayar da ta kamata a tsaya a kanta ita ce ko cancantar da hukuma take aunawa ta yi daidai da cancantar da shari'a da lafiyayyen hankali suka sani, domin idan ma'aunan biyu suka saɓa, to dukiyar kowa da kowa ce za ta koma tana yi wa wasu tsiraru hidima, alhali manomin da aka kafa shirin da sunansa yana tsaye a bakin ƙofa.

A Amurka, inda irin wannan shiri ya daɗe, ma'aikatar noma ce take tsaya wa masu sayen gida a karkara, a ƙarƙashin sashe na 502 na dokar gidaje ta 1949, kuma ta tanadi taswira wadda mai nema zai duba ya ga ko gidan da yake so ya faɗa cikin yankin da aka lissafa a matsayin karkara, sannan a duba kuɗin shigarsa, kada ya wuce kashi 115 cikin ɗari na matsakaicin abin da mutanen yankin suke samu. A Nijeriya babu shiri guda da ya haɗa gida da karkara a wuri ɗaya kamar haka, sai dai ƙofofi biyu da aka gina kowace da manufarta. Ta farko ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 a hannun Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya, inda ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci kowane wata, a ba shi rance da ruwan kashi 6 cikin ɗari wanda zai iya biya har tsawon shekara 30, bisa sharaɗin ya kawo ingantacciyar takardar mallaka da hujjar kuɗin shiga mai ɗorewa. Ta biyu ita ce Asusun Lamunin Bashin Noma, wanda aka kafa da doka a 1977 ya fara aiki a 1978, inda gwamnatin tarayya da Babban Banki suke ɗaukar nauyin har kashi 75 cikin ɗari na abin da manomi ya kasa biyan bankin da ya ranta masa. Ƙofar farko ta san gida amma an yanka ta ne da awon mai albashi, ta biyu kuma ta san manomi amma ba ruwanta da ɗakin da yake kwana, saboda haka gidan manomi ya faɗa tsakaninsu ba mai kallonsa.

Unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni sun isa misali a kan yadda iyakar birni da ƙauye take tafiya da ƙafarta. Dukansu a wajen ganuwar Kano suke, cikin yankin nan mai cunkoson gonaki da ya kewaye birnin, wanda Michael Mortimore ya yi nazarinsa tun shekarun 1960, inda a wancan lokacin jakuna suke fita da taki daga cikin gari zuwa gonaki su komo da itace da hatsi, kuma ake noma ƙasa kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. A yau titin Zariya da titin Maiduguri da Kotu Rod sun ratsa wurin, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga rukunin gidajen Kundila, kuma ƙidayar 2006 ta sami sama da mutum 220,000 a ƙaramar hukumar Tarauni kaɗai. Amma har yanzu a Darmanawa da Daurawa da Unguwa Uku akwai gidajen da tushensu noma ne, waɗanda gonakin kakanninsu suka zama filaye da shaguna, su kuwa suka ci gaba da zuwa noma a Kumbotso da Dawakin Kudu da Warawa, ko noman rani a Kura da Kadawa. Irin wannan magidanci manomi ne a sana'a, ɗan birni ne a taswira, kuma gidansa na gado ne wanda ba a taɓa kai sunansa ma'aikatar ƙasa ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ita ce ta mayar da wannan bambanci hukunci. Ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon ayyana yankin da yake birni, ta ce a birni gwamna ne yake ba da izinin zama, a wajen birni kuma ƙaramar hukuma ce take ba da izinin zama na gargajiya, sannan ta hana jinginar da ƙasa ba tare da amincewar hukumar da abin ya shafa ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da nauyin wannan sharaɗi a 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, inda ta rushe jinginar da aka ƙulla ba da amincewar gwamna ba, kuma tun daga lokacin bankuna suka ƙara riƙe wuya a kan takarda. Ba a 1978 abin ya faro ba, domin Turawan mulkin mallaka sun riga sun ayyana ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon gwamna tun 1910, dokar 1962 ta Jihar Arewa kuma ta bi sawun wannan.

Abin da yake gudana a ƙasa kuwa daban ne. Yawancin gidajen da talaka ya gina a gefen Kano a kan filin awon igiya suke, wato gonar da mai ita ya kira dillalai suka yanka ta fuloti-fuloti da igiya da turaku, suka bar 'yar hanya a tsakani, ba tare da hukumar tsara birni ta zana ta ba. Ranar ciniki ana tsayawa ne a kan filin, mai saye da mai sayarwa da dillali da maƙwabtan iyaka, a nuna kusurwa huɗu, a kafa bulo ko a dasa wani abu a kowace, a ambaci kuɗi a fili, a yi sallama, a cire la'ada, sannan a tafi wurin mai unguwa ya rubuta takarda da sunayen shaidu ya buga hatimi, wani lokaci dagaci ya ƙara nasa. Wannan takarda, wadda ake naɗewa a leda a ɓoye a ƙasan akwati, ita ce duk hujjar gidan, kuma da ita ake raba gado, da ita ake zuwa gaban alƙali idan rigima ta tashi, amma idan aka ajiye ta a teburin bankin ba da rancen gida ba za ta motsa alƙalamin kowa ba.

A nan ne tambayar ta zama ta addini da gaske, domin shari'a tana da nata hanyoyin sanin mai abu. Mallaka tana tabbata da gado da ciniki da kyauta, tana tabbata da raya mataccen wuri, wato mutum ya share dajin da ba na kowa ba ya noma ko ya gina ko ya haƙa rijiya, kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ta'alimur Radi, a kan sabubban keɓantuwa da irin wannan ƙasa. Malikiyya sun ba hauzi muhimmanci ƙwarai, hauzi kuwa shi ne riƙe abu da sarrafa shi irin sarrafawar mai shi, har Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibai suke karantawa a zaurukan Kano, ta nuna cewa wanda ya riƙe gida shekara goma ana jingina masa shi, alhali wani bare yana nan yana gani bai yi magana ba, to da'awar baren ba za a saurare ta ba daga baya. Ginshiƙin duk wannan shi ne shaidar adilai, mutanen da suka san wurin suka san masu shi. Idan haka ne, gidan da iyali suka zauna a ciki shekara sittin, maƙwabta suka san iyakarsa, liman da mai unguwa suka halarci rabonsa, mallakarsa ta fi ƙarfi a ma'aunin shari'a a kan filin da aka buga wa satifiket jiya da sunan wanda bai taɓa taka shi ba. Hukumar da ta ce na farko bai cancanta ba, na biyu ya cancanta, ta auna sauƙin aikin banki ne, ba gaskiyar mallaka ta auna ba.

Sai dai adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, don kuwa rubutu ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa masa shaidu, ayar da take biye da ita kuma ta halatta karɓar jingina, kuma duk wanda ya zauna a kotunan Kano ya san yadda ake sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, da yadda shaidu suke mutuwa su bar rigima. Neman rajista, saboda haka, maslaha ce da shugaba yake da ikon wajabtawa. Inda aibin yake shi ne a wajabta abu sannan a tsawwala hanyar samunsa, da kuɗin safiyo da na rajista da zirga-zirgar ofis da jiran sa hannu, har ya zama mai hali ne kaɗai yake kaiwa ƙarshe. Kwamitin gyaran dokar ƙasa da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje ya sha nanata cewa abin da aka yi wa rajista a ƙasar Nijeriya bai wuce kashi 3 cikin ɗari ba, kuma ya zaɓi Kano cikin jihohi biyu da aka gwada bin gida-gida ana tantance iyaka a gaban maƙwabta a ba da takarda da sauƙi. Wannan hanya ta fi kusa da ruhin shari'a, domin ta ɗauki shaidar unguwa ta mayar da ita rubutu, maimakon ta yi watsi da ita. Masanin tattalin arzikin nan na ƙasar Peru, Hernando de Soto, ya shahara da cewa dukiyar talaka marar takarda jari ne a kwance wanda rajista za ta tayar, kuma akwai gaskiya a maganarsa, amma ta rage wani abu, wato gidan da ya zama abin jingina ya zama abin da za a iya rasawa, kuma wannan ba ƙaramin lamari ba ne ga iyalin da ba su da wani wurin.

Gidan gado ya fi kowane gida fito da wannan haɗari. A irin gidajen tsohuwar Tarauni akan tarar da 'yan'uwa maza da iyalansu kowa da sashensa, ga tsohuwa mai tumunin takaba, ga 'yan'uwa mata da suke gidajen aure amma rabonsu yana nan ba a fitar ba, ga marayun wanda ya rasu. Banki suna ɗaya yake nema a kan takarda, kuma mafi sauƙin abin yi shi ne a rubuta sunan babban wa, da niyyar alheri a mafi yawan lokuta, amma daga ranar nan haƙƙin mata da marayu ya ɓace daga rubutu ya koma rataye a kan amanar mutum ɗaya da tsawon ransa. Malikiyya sun halatta mutum ya jinginar da rabonsa na abin tarayya ko da ba a raba ba, saɓanin Hanafiyya, amma babu wanda ya halatta masa jinginar da rabon wani ba da izininsa ba, balle na maraya. Shirin da yake tura mutane su tattara haƙƙin mutum goma a sunan mutum ɗaya domin su cancanta yana buɗe ƙofar cin dukiyar marayu ko da masu tsara shi ba su nufa ba.

Ko da an warware batun takarda, matsala ta biyu tana nan, ita ce riba, wato ƙarin da aka sharɗanta a kan bashi saboda jinkirin biya, abin da jama'a suke kira kuɗin ruwa. Akan kawo hujjoji uku domin sassauta ta a rancen gwamnati: cewa kashi 6 kaɗan ne, cewa hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, ta cinye ƙarin har ta ci uwar kuɗin, da kuma cewa muhalli larura ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta duba mas'alar kai tsaye a zamanta na Jidda a 1990, ta yarda cewa muhalli yana cikin buƙatun asali na ɗan Adam, amma ta yanke cewa rancen gida da ruwa haramun ne, ruwan ya yi yawa ko ya yi kaɗan, sannan ta zayyana mafita, wato hukuma ta ba da rance ba ruwa tana karɓar ainihin kuɗin hidima kawai, ko ta gina gidaje ta sayar a biya kaɗan-kaɗan, ko a ƙulla kwangilar gini wadda ake kira istisna'i. A zamanta na Kuwait a 1988 kuma ta riga ta ce bashin kuɗi da misalinsa ake biya, ba a ɗaure shi da tashin farashi. Gaskiya ne Majalisar Fatawa ta Turai ta yi rangwame a 1999 ga Musulmin da yake zaune a can wanda ba shi da gida kuma bai sami wata hanya ba, amma ta gina rangwamen ne a kan rashin mafita a ƙasar da Musulmi ba su da iko da tsarinta, kuma da wuya a ɗauko wannan a dasa a Kano, inda masu tsara doka da masu aiwatar da ita da masu neman rancen galibinsu Musulmi ne. Larurar da hukuma ta ƙirƙira da hannunta, alhali tana da ikon kawar da ita, nauyinta ya fi komawa kan hukumar.

Bai kamata a ɗauka cewa al'adar karkara ta tsira daga abin da ake zargin banki da shi ba. Jinginar gona, inda mai kuɗi yake karɓar gonar wanda ya ranta wa ya yi ta nomawa yana cin amfanin har sai an biya shi, rance ne da ya jawo amfani, kuma malamai sun daɗe suna inkarinta. Haka ma ba-da-kaka, inda ake ba manomi taki ko kuɗi da bazara a karɓi buhuna da kaka, takan zama zalunci mai tsanani idan aka yi amfani da ƙuncinsa aka karya farashi, ko da yake shari'a ta tanadi tsarkakakkiyar surarta a cinikin salam, wato a biya kuɗi gaba ɗaya yanzu a karɓi amfanin gona daga baya, da sharaɗin an san mudu an san nau'i an san lokaci. Manomin da ya guje wa kuɗin ruwan banki saboda tsoron Allah, sannan ya faɗa hannun mai ba-da-kaka da zai ci rabin nomansa, shi ne ainihin wanda rashin halastacciyar ƙofa ya cuta, kuma shi ne dalilin da ya sa bai isa malami ya ce haramun ne ya yi shiru ba.

Kayan aikin gyara kuwa suna nan. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, wasu bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suka biyo baya, kuma a 2020 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin shigar da irin waɗannan bankuna cikin shirye-shiryensa na tallafi. Akwai murabaha, inda banki yake sayen kayan gini ya sayar wa mai gida da sananniyar ribar ciniki, akwai ijara mai ƙarewa da mallaka, akwai tarayya mai raguwa, inda banki da mai gida suke haɗa hannu su mallaki gidan, shi kuma ya riƙa sayen rabon bankin sannu a hankali yana biyan hayar abin da ya rage. Lamunin hukuma a kan irin waɗannan halal ne, taimako ne daga na uku, matuƙar ba a mayar da lamunin kansa hajar sayarwa ba, tunda magabata sun hana karɓar lada a kansa. Ƙa'idar fiƙihu ta ɗaure duk wani tasarrufin shugaba a kan talakawansa da maslaharsu, kuma ba maslaha ba ce a ciri kuɗi daga albashin malamin makaranta a Gyaɗi-Gyaɗi kowane wata a zuba a asusun da imaninsa ya hana shi ranta daga ciki.

Amanar dukiyar jama'a tana da fuska ta biyu, wadda masu wa'azi ba su cika tsayawa a kanta ba. Shirin ba manoma rance da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba na 2015 ya raba sama da naira tiriliyan 1, kuma a farkon 2023 Babban Banki da kansa ya ce abin da aka biya bai wuce kusan rabi ba. Ambaliya da rashin tsaro da makarar kayan noma sun taka rawa, amma akwai kuma waɗanda suka karɓa da niyyar ba za su biya ba, suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa, da waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba suka shiga jerin suna. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na baitulmali ya fi nauyi, domin masu shi ba su ƙirguwa balle a nemi yafiyarsu, kuma hadisi ya tabbata cewa ko shahada ba ta kankare bashi. Duk wanda ya ci ya ƙi biya ya ƙara wa banki hujjar tsananta sharaɗi a kan na bayansa, ya sa an ƙara neman takarda a inda a da amana take isa.

Wanda ya gaza da gaske kuwa hukuncinsa daban ne, domin aya ta 280 a Baƙara ta wajabta a jinkirta wa mai ƙunci har ya sami sauƙi, hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa kuma ya hana mai bin bashi ya mallake jingina don kawai lokaci ya cika, sai dai a sayar da ita da farashin kasuwa ya ɗauki haƙƙinsa a mayar wa mai ita ragowar. Malikiyya sun kuma san abin da ake kira ja'iha, wato annobar da ba a iya tunkuɗewa kamar fari ko fara ko ambaliya, suka ce idan ta lalata sulusi ko fiye na 'ya'yan itacen da aka saya a kan bishiya, ana sauke wa mai saye gwargwadonta daga kuɗin. Hukuncin na ciniki ne, ba na rance ba, amma yana nuna cewa fiƙihu ya lura da cewa mai dogaro da damina ba ya samun kuɗi irin samun mai albashi. Manomin gero da dawa sau ɗaya yake ganin kuɗi a shekara, mai noman rani sau biyu ko uku, kuma jadawalin biya na wata-wata yana mayar da shi mai saɓa alkawari tun a watan Yuli, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma duk abin da yake hannunsa ya tafi taki da 'yan ƙwadago. Yarjejeniyar da za ta dace da gidansa ita ce wadda aka ɗaure biyanta da kaka, aka rubuta a cikinta tun farko abin da za a yi a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, aka kuma bayyana sunan kowane magaji da rabonsa kafin a karɓi takardar gidan a matsayin jingina.